Daminar Mesa

Zango na farko: Malaz

Na sauka Riyad da jaka ɗaya da kalma ɗaya. Kalmar ita ce kiwo. Ita dillalin da ya yi mini takardu a Kano ya ba ni, ya ce, "Haruna, kiwo ne kawai, abin da ka tashi a cikinsa." Ban tambaye shi kiwon me ba. Mutumin ƙasar Ɗanbatta in aka ce masa kiwo tumaki yake gani, in ya zurfafa tunani ya ga raƙuma. Na baro matata Hajara a ɗakinta, aurenmu ko shekara bai yi ba, na ce mata shekara biyu zan yi in dawo.

Wani saurayi mai suna Fahad ne ya tarbe ni a filin jirgi. Kafin mu kai mota ya miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa ce, ashe fasfo yake nema. Na ba shi, ya jefa cikin aljihun mota. Daga ranar na fahimci shiga ƙasar nan abu guda ne, fita kuma wani abu ne dabam, domin ba mai fita sai kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya yarda.

Kafilina mahaifin Fahad ne, ana kiransa Abu Sa'ad. Gidansa a unguwar Malaz yake, tsohon bene mai fentin da rana ta cinye. Na same shi zaune a ƙasa, siriri, gemunsa fari fat, hannayensa duk tabon cizo. Ya dube ni tun daga takalmi har hula, sannan ya ce, "Sannu."

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Na durƙusa na shiga jero masa gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ya muka same ku. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni yana dariya. Ya ƙirga mini da yatsu uku: "Sannu. Kunkuru. Damina." Iyakar Hausarsa ke nan. Ban san cewa ta ukun nan ce za ta ɗaure ni ba.

Zango na biyu: sito

Da safe aka kai ni Birnin Masana'antu na Biyu, can kudu, inda babu komai sai masana'antu da manyan motoci. Lokacin ana ta haƙa titunan birnin saboda jirgin ƙasa, tafiyar ta yi ta kewaye-kewaye. Muka tsaya bakin wani sito na kwano. Na saurara ko zan ji kukan tunkiya. Shiru.

Fahad ya buɗe ƙofa, wani ɗumi mai warin danshi ya bugi fuskata. Akwatunan gilashi ne jere har rufi. A na farko damo ne, a na biyu hawainiya. A na uku na ga abin da a garinmu ba ma ambaton sunansa in rana ta faɗi, sai dai mu ce igiyar ƙasa, ya nannaɗe kansa kamar gammo. Na yi salati na koma waje. Na zauna kan wani dutse ina tunanin kuɗin mota zuwa Ɗanbatta, kamar akwai motar.

A nan Garba ya same ni. Direban tankar ruwa ne, irin wadda a can ake kira wayit, shi ke kawo wa siton ruwa. Bazazzage ne, ya daɗe a ƙasar, Larabci a bakinsa kamar tsaki.

"Kai Bakano ne," in ji shi. "Daga zaman na gane. An ce maka kiwo, ko?"

Na ce haka aka ce.

"To ai ba a yi maka ƙarya ba. Tashi ka shiga, ga shanunka can suna jiran ka, sai dai ba a tatsarsu."

Na ce masa Bazazzage bai isa ya koya wa ubangidansa kiwo ba. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ɗauko burodin tamis mai zafi daga mota ya raba biyu ya ba ni rabi. Shi ne abincina na farko da ya zauna a cikina a ƙasar.

Aikin yana da tsari, kuma tsarin ne ya cece ni, domin ni mutum ne da ba na son a sa abu inda ba wurinsa ba. Da farko a duba zafin kowane ɗaki. Sannan a kwashe kashi. Sannan a yanka ganye wa kunkuru da damo. Sannan a ciyar da ɓeraye da gyare, domin su ma kiwonsu ake yi, su ne abincin sauran. Ni da na tashi ina ɗana wa ɓera tarko, ga ni ina canza masa ruwan sha. Sannan a leƙa ɗakin ƙwai, inda kowane ƙwai ke kwance cikin yashi da ɗigon fensir a samansa, don kada a juya shi. Na kaza ake juyawa, na waɗannan in an juya ɗan ya mutu. Daga ƙarshe sai damina.

Bayan siton akwai ɗakuna uku manya, an zuba musu ƙasa, a nan kunkurai suke. Irin namu ne sak, manyan nan da ake ajewa a gidajen attajirai. Aikina shi ne in ja mesar ruwa in shiga ɗakin da ke kan layi, in toshe bakinta da babban yatsa, in watsa ruwa sama ya sauko musu kamar yayyafi, har ƙasa ta jiƙe. Abu Sa'ad ya nuna mini da kansa. Ya ce, "Haza damina," wato wannan ce damina. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, irin na ruwan farko, lokacin da ake fito da sungumi. Na juya baya don kada tsohon ya ga idona.

Garba ya ce, "Mesa biyu kake kiwo ke nan, mai haɗiye ɓera da mai aman ruwa. Ni kuwa ni ne hadarinku. Ranar da na yi fushi fari za ku yi."

Zango na uku: abin da na sani game da tsohon

A hankali na tsinci Larabci, abin da ya gagare ni Garba ya fassara. Ga labarin yadda na haɗa shi.

Abu Sa'ad ya fara ne tun yana saurayi, a kan rufin gidan nan na Malaz, zamanin da in mutum ya ga damo yanka shi yake yi, in ya ga maciji ya nemi sanda. Maƙwabta suka ce taɓin hankali ne. Limamin unguwa ya yi masa nasiha. Kunkuransa biyu na farko daga hannun wani mutumin ƙasarmu ya saye su, wanda ya zo aikin hajji ta Sudan ya zauna. Saboda haka ya sa wa macen suna Hajiya. Har na bar ƙasar tana nan, girmanta kamar babban daro a kife, in ta nufi wuri ba ta kaucewa, sai dai kai ka kauce.

Shekaru suka yi ta wucewa ba ƙwai ko ɗaya. Ya canza abinci, ya canza ƙasa, ya rubuta wa Turawa wasiƙu, a banza. Wata rana tankin ruwan da ke kan rufin ya fashe ya malale wurin, ya yi ta yoyo ba a samu mai gyara da wuri ba. Bayan an gyara, ƙasa ta bushe, sai ga Hajiya tana haƙa rami da ƙafafun baya. Ya je ya nemo mutumin da ya sayar masa, ya ba shi labari. Mutumin ya ce, "Ai damina ta gani." A nan ya koyi kalmar.

Daga wannan rufin sana'ar ta bazu. Duk wanda ke kiwon irin waɗannan dabbobi a ƙasar, ko dai a wurinsa ya koya, ko a wurin wanda ya koya a wurinsa. Suna zuwa daga Jidda, daga Kuwait, daga Ƙatar, samari masu manyan motoci, su sumbaci goshinsa, su ɗauki hoto da Hajiya. Wasu suna sayen 'ya'yan, wasu tambaya kawai ke kawo su. Ba ya ɓoye sani. Amma yana da faɗa. Na ga ya kori wani da ya ɗaga hawainiya ta wutsiya, ya ce ko nawa zai biya ba za a sayar masa ba.

Ban ce azzalumi ne ba. Albashina bai taɓa makara ba. Da na yi zazzaɓi da kansa ya kai ni asibiti, matarsa ta yi ta aiko mini da miya. Laifinsa guda: in yana kallon dabba ba ya ganin mutum.

Zango na huɗu: alkawari

Da shekara biyu ta cika na same shi a ɗakin ƙwai. Na ce, "Ya Ammi, lokacina ya yi. Ina son fita." Haka nake kiransa, Ammi, wato baffa.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba'ad damina, ya Harun." Wato bayan damina.

Na yi godiya. Na kira Hajara na ce ta fara shiri. A kaina, damina abu ne mai farko da ƙarshe: a yi shuka, a yi noma, a yi maimai, ruwa ya ɗauke. Na ci gaba da watsa ruwa a ɗaki na farko da ƙarfina. Da aka ce in daina, na naɗe mesa na wanke jakata. Washegari Fahad ya nuna mini ɗaki na biyu.

Ai na sani, ni ke yin aikin, amma ban taɓa haɗa lissafin da kaina ba. Tsohon ya raba ɗakunan ne don a riƙa samun 'ya'ya duk shekara. In ɗaya yana damina, ɗaya yana kaka, ɗaya yana rani. Ruwa bai taɓa ɗaukewa a siton gaba ɗaya ba. Na koma wurinsa, ya ce bayan damina. Na gama ɗaki na biyu, aka buɗe na uku. Fahad ya ce sun nemi wanda zai canje ni, an kawo mutum biyu, duk sun ga akwati na uku sun gudu.

Haka shekara ta uku ta shige. Na daina sa wa Hajara rana. Ita ma ta daina tambaya, wannan ya fi yi mini ciwo. Ƙanshin ƙasar nan da ke sa ni hawaye ya koma ba na ko son jin sa.

Ana tsakiyar daminar gaske a gida, surukina Malam Idi ya aiko mini da saƙon murya a waya. Mutum ne mai kunya, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma a saƙon ma bai ɗaga ba. Ya ce, "Haruna, muna gaisuwa. Yarinyar nan ta yi haƙuri, mu ma mun yi. Aure ba a yin sa da waya. In an gama girbin bana ba ka zo ba, zan kai magana gaban alƙali a sawwaƙe mata. Ba don ƙi ba."

Na sa wa Garba ya ji. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya ce, "Hanya biyu ce. Ko ka gudu, a rubuta ka cikin masu gudu, ka yi ta ɓuya har a kama ka a tura ka gida da kayan jikinka, wataƙila bayan girbi uku. Ko kuma ni in ce mota ta lalace. Mako biyu ba ruwa, damina ta ƙare da kanta."

Na ce, "Hawainiya fa? Kwana biyu ba raɓa ta mutu. Ɗakin ƙwai fa?"

"Kai da aurenka ke rawa, hawainiya ce damuwarka? Wallahi Kanawa sai a hankali."

Na ce amana ce. Ya ce to in auri amanar. Muka rabu ba daɗi, amma washegari ya kawo ruwan, da tamis.

Labarin gida yana zuwa mini zango-zango. An yanke gero. An cire gyaɗa. Dawa ta sunkuya. Ni kuwa ina tsaye da mesa a hannu, ina yi wa kunkuru ruwan shuka.

Zango na biyar: baƙon Kuwait

Ran nan da hantsi wani baƙo ya zo daga Kuwait da abokansa. Mai kuɗi ne, ya gina wa kunkuransa wuri na musamman, duk jikokin Hajiya ne. Aka shimfiɗa musu darduma a bakin ɗaki na biyu, aka kawo gahawa da dabino. Ni ina ciki ina aikina, ƙofa a buɗe, ina jin su.

Baƙon ya ce, "Ya Mu'allim, na yi duk yadda ka ce. Na sa injin da ke fesa ruwa kullum, safe da yamma, shekara guda cur. Ko ƙwai ɗaya."

Abu Sa'ad ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Kullum? Ɗana, rabin karatun ka ɗauka. Ruwa shiri ne kawai. Kunkuru ba ya haƙa rami sai ya ga ruwa ya ɗauke. Ka ba su, sannan ka ɗauke, su san lokaci ya juya. Damina da ba ta ƙarewa ba damina ba ce, azaba ce."

Suka yi ta jinjina kai, ɗaya yana ɗaukarsa a waya.

Ni ba mai magana cikin manya ba ne. A gidanmu ba a yi mini wannan tarbiyya ba. Amma na ji ƙafafuna sun kawo ni bakin ƙofa, mesa tana zuba a kan takalmina. Na ce da Larabcina na direbobi, "Ya Ammi. To ni fa?"

Fahad ya taso yana cewa, "Yalla, koma ciki!" Tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya dube ni, irin kallon da yake yi wa dabbar da ta ƙi cin abinci. Na ce, "Ka ce bayan damina. A garinmu an yanke gero. In aka gama girbi ban je ba, matata ta tafi." Ban ƙara ba, don kalmomina sun ƙare.

Tsohon ya juya ga baƙinsa ya zuba musu gahawa. Na koma na ƙarasa ɗakin, na naɗe mesa yadda na saba, na rataye.

Kwanaki suka wuce bai zo siton ba. Fahad ba ya amsa gaisuwata. Garba ya ce, "Ka kunyata Balarabe gaban baƙinsa. Sai ka shirya zama, in ka mutu a nan ni zan gaji ɓerayen."

Ranar da tsohon ya zo, ina tsakiyar ruwa a ɗaki na biyu. Sai na ji mesa ta yi laushi a hannuna, ruwan ya koma ɗigo, ya tsaya. Na fito in duba ko tanki ne. Na same shi durƙushe a gindin babban famfo, hannayensa biyu a kan marfin, yana haki, don ya yi tsatsa. Fahad na tsaye a kansa yana faɗa, yana cewa ɗaki na uku zai rasa shekararsa, masu saye suna jira. Tsohon ya dafa bango ya miƙe. Ya zaro fasfona daga aljihun rigarsa.

"Damina halas," in ji shi, wato damina ta ƙare. "Hawainiya da ƙwai ni da Fahad za mu riƙe. Kunkuru su yi rani, a ƙasarsu ma suna yi."

Na karɓa da hannu biyu. Ya ce in na je in gaishe da ƙasar Hajiya. Sannan ya ce, "Sannu," don ba shi da wata kalmar da zai sallame ni da ita.

Takardar fita ba ta fito da wuri ba. Yau a ce na'ura ta tsaya, gobe a ce hutu. Ina kiran gida ba na samun Hajara, sai ƙanena, shi kuma ya ce an fara yankan dawa. Garba ne ya kai ni filin jirgi cikin tankarsa, ya ajiye ni nesa don ba a barin irinta ta matsa. Ya ce, "In an saki matarka ka gaya mini, ina da ƙane a Zariya." Na ce Allah ya tsare ta da zuriyar masu cin ɗanwake da allura. Muka rungumi juna.

Zango na ƙarshe: gida

Tun daga mota na ga na makara. Gonaki fayau, an ɗaure kara, shanun Fulani suna kiwo a inda dawa take. Ko wake babu. Ban tsaya gidanmu ba, da jakata na wuce gidan Malam Idi, don can ta koma tun bara.

Na same shi a zaure. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, kowa yana kallon tabarma. Daga baya na ce, "Baba, na ga an gama girbi."

Ya ce, "Ni ma haka na gani. Sau uku ina sa babbar riga zan tafi wurin alƙali. Da aka yanke gero ta ce saura dawa. Da aka yanke dawa ta ce saura wake. Da aka gama roron wake na ce to yanzu fa? Tashi ka ga abin da ta nuna mini."

Ya kai ni bayan gida. Wani ɗan fili ne da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, an kewaye shi da ƙaya. Soborodo ne a ciki, ya nuna ya wuce nuna, ya bushe a kan karansa ya yi baƙi, na kowa an tsinke tuntuni an kai kasuwa.

"Ta ce nata ne, ita ta shuka, kuma ba ta girbe ba," in ji Malam Idi. "Ta ce ni na ce in an gama girbi, ban ce girbin wa ba. Akuya ta shiga sau ɗaya, har yau ba ta ƙara bin hanyar nan ba."

Ya koma zaure ya bar ni. Can sai ga Hajara ta fito. Ta rame. Ba ta dube ni ba, ba ta ce sannu da zuwa ba. Ta ajiye kwando a gabana, ta janye ƙayar da ke bakin filin.

"Ya lalace, ko zoɓo ba zai yi ba," in ji ta. "Amma a cire shi. Ka fara daga can, ni in fara daga nan."

Na ajiye jakata a kan ƙasa busasshiya, na naɗe hannun riga.